Layin Kawu

Idan aka tambaye ni wane irin mutum ne kawuna, nakan ce mutum ne mai kyawun hannu, daga nan in ja bakina in yi shiru, domin in na ƙara ko da kalma ɗaya za a ce 'yar ƙanwarsa ba ta da kunya. To yau zan ƙara. Abin da ya shiga tsakanina da shi ɗaki ne, ɗakin mahaifiyata, wanda yake gefen hagu in ka shigo gidanmu, da ɗan kicin ɗin da ke manne da shi. Mama tana fama da ciwon gwiwa, ko dakalin ƙofa sai an kama ta, kuma duk gidan wannan ne kaɗai ɗakin da ba sai an hau bene ba. Sauran ɗakunan suna sama, inda yayana yake da iyalinsa, ni ma nake da nawa.

Kawu mai zanen taswira ne a ofishin safiyo. Ba ya cikin waɗanda ke fita rana da na'ura mai ƙafa uku suna auna ƙasa. Su ne za su dawo fuska ta yi baƙi ƙirin, su miƙa masa lambobi a takarda, shi kuwa yana zaune ƙarƙashin fanka gaban wani teburi mai karkata, ya mayar da lambobin nan tituna da gidaje. Duk da haka ya raina su. Yakan ce yawo a rana ba aiki ba ne, jaki ma yana yi. Yana da alƙaluman tawada a cikin wani akwatin katako, kowanne da kaurin bakinsa, da farin hankici da yake shimfiɗawa ƙarƙashin hannu don kada gumi ya taɓa takarda, da wata rular ƙarfe da ba ya rabuwa da ita ko gidan rasuwa za shi. Saboda ita muke kiransa Kawu Rula, a bayan idonsa. Abokan aikinsa kowa yana da reza a aljihun tebur, ta kankare tawada in hannu ya goce. Kawu ya ce shi tunda yake bai taɓa sayen reza ba sai don aski. Na ji wannan magana fiye da yadda na ji sunana.

Tun muna yara muke fargabar zuwansa. Ba ya duka, gyara yake yi, kuma na fi son duka. Zai shigo, kafin ya amsa gaisuwa ya wuce ya daidaita kalandar bango. In ka kawo masa ruwa, zai kalli inda ka ajiye kofin ya matsar da shi kaɗan. In baƙo ya tambayi hanya a gabansa ka ce masa nan kusa ne, ka shiga uku, don sai ya tsare ka da tambayar kusa da me, daga ina, ta wace kusurwa, har baƙon ya gaji ya sulale ya tambayi wani. Matarsa ta yi haƙuri da shi har Allah ya karɓi abinsa. 'Ya'yansa kuwa kowa ya nemi aiki a gari mafi nisa da ya iya samu, kuma ban taɓa ganin laifinsu ba.

Mutum ɗaya ce a duniya ba ta ganin aibinsa, ita ce Mama. Shi ne babba, ita ce auta, iyayensu sun rasu tana ƙarama, a hannunsa ta tashi. Shi ya yi mata wanka, shi ya kai ta makaranta, shi ya aurar da ita, wannan kam ba zan ɓoye ba. Amma ya ɗauki abin tamkar ya saye ta. Duk abin da ya yi, amsarta ɗaya ce: "Yayana ne." Ya gaya wa mahaifinmu magana marar daɗi, yayana ne. Ya ce shayinta ya yi ruwa, yayana ne.

Akwai wani labari da yake bayarwa duk ranar da ya zo, yana zaune a kujerar da ta fi kyau a ɗakin Mama, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Auta, kin san a kan titi kike zaune?"

"Na sani, Yaya, ka faɗa mini."

"Wannan gadon naki a tsakiyar layi yake. In kin ji mota sai ki ɗaga ƙafa."

Sai ya yi dariya, Mama ta taya shi, mu ma mu yi yaƙe don kada a ce. Ga asalin maganar. Yana sabon ɗauka, wata maɗaba'a ta kwafe taswirar da ya zana ta buga tana sayarwa, ya je ya yi magana aka ce masa gari ai na kowa ne, kowa ya auna abin da zai samu ke nan. Abin ya ci masa rai. Wani tsoho a ofishin ya koya masa dabarar masu sana'ar: ka zana ɗan layin da babu shi a ƙasa, ka ɓoye shi cikin na gaskiya. Wanda ya auna da kansa ba zai sa shi ba, wanda ya kwafa zai kwafa har da shi, ka ga ka kama ɓarawo. Da aka ba Kawu zanen unguwarmu, sai ya ja ɗan siririn layi daga titin gaba zuwa titin baya, ya ratsa gefen hagu na gidanmu, ya yi masa wata 'yar lanƙwasa daidai kicin, wadda ba ta da dalili sai don ta zama alamarsa. Da mahaifinmu ya tambaye shi me ya sa duk faɗin gari sai gidansa, Kawu ya ce nan ne kaɗai ya tabbata babu mai zuwa ya yi masa ƙorafi.

Haka abin ya zama wasan gida. In aka zubar da ruwa a ɗakin Mama sai a ce an jiƙa layin Kawu. Takardar tana can a nannaɗe cikin bututun gwangwani a bayan ofis, wa zai dame ta? Kawu ya yi ta jiran ɓarawo, shekara na bin shekara, gashinsa ya yi fari, ko kyankyaso bai faɗa tarkon ba.

Ni kuma da na girma sai na buɗe shagon kwafi, inda ake ɗaukar hoton takardu da buga rubutu. Ku gane yadda Kawu ya ɗauki wannan. Bai taɓa taka shagon ba. Ya daina kiran sunana, ya koma kirana Mai Kwafi, kuma yadda yake furta shi sai ka ɗauka mai yankan aljihu yake nufi.

Ya yi ritaya daidai lokacin da kwamfutoci suka shigo ofishinsu. Ya zage su son ransa. Ya ce yaran yanzu ba su san ƙamshin tawada ba, taswirar da ake goge ta da danna maɓalli ba taswira ba ce. Ana nan sai ofishin tsara gari suka kwaso tsofaffin takardun nan daga bututunsu, suka sa su a na'ura ta ɗauki hotonsu, suka bi kan kowane layi a kwamfuta har gari ya koma cikin manhaja. Da suka zo kan zanen Kawu suka tarar ya fi na kowa tsafta, ya hau kan hoton tauraron ɗan'adam ɗas. Suka kira shi wani taro, suka yi masa tafi, suka sa takardarsa a gilashi suka rataye a bangon shiga. Daga ranar kwamfuta ta zama abar kirki. Kawu ya dinga zuwa ofishin ba a kira shi ba, ya tsaya kusa da gilashin hannu a baya, ko wani zai tambaya wa ya zana. Ya san layin yana ciki. Ya gan shi da idonsa a allon kwamfutarsu, ya zo ya ba mu labari yana murna wai har na'ura ta yarda da shi.

Masu kai kaya a babur ne suka fara zuwa. Za ka ji an tsaya a ƙofar gida, mutum ya kalli waya, ya kalli katangarmu, ya sake kallon waya. Wani ya yi sallama ya ce don Allah ina layin da ke nan. Wani ya ce wayarsa ta nace ya juya hagu, shi kuma tagar Mama yake gani. Da farko dariya muke yi. Yayana ya shiga manhajar wayar ya tura musu gyara, layin ya ɓace, muka ce shi ke nan. Da suka sabunta taswirarsu ya dawo, har da lanƙwasarsa.

Sannan wata safiya na fito zan tafi shago na tarar da jan fenti a bangon ɗakin Mama, an ja kibiya an rubuta lamba. Maƙwabta suka ce mutanen tsara gari ne, ana aikin buɗe layukan da aka toshe don motar kashe gobara da magudanar ruwa, kuma katafila tana unguwar da ke bayanmu, mu ne na gaba. Ban buɗe shago ba ranar. Kai tsaye gidan Kawu na nufa.

Na same shi yana fiƙe fensir a kan jarida. Na gaishe shi a tsaye, na gaya masa abin da ke nan.

"To?" ya ce.

"To ka zo mu je ka gaya musu babu layi a wurin."

"Su da suke da tauraro a sama, ni za su jira?"

"Kawu, ɗakin Mama za a rushe."

"Babu mai rushe komai. Ke dai kin cika gaggawa, shi ya sa aikinki bai wuce danna maɓalli ba."

"Kai ka zana shi. Kai kaɗai za su saurara."

Ya hure bakin fensirin, ya duba tsininsa ta wajen taga. "Takardata tana gilashi," ya ce. "So kike in je in ce a sauke ta?"

Na gaya masa maganganun da ba a gaya wa kawu. Ko a jikinsa. Ya ce in ja masa ƙofa in zan fita, iska tana watsa masa ɓawon fensir. Na fito, kuma a wannan ranar na san cewa ba haushinsa kawai nake ji ba, tsanarsa nake yi.

Mama ce ta je da kanta. Yayana ya ɗauke ta ya sa a mota, a ƙofar gidan Kawu muka kama ta mu biyu. Ba ta yi masa faɗa ba, ina ma ta yi. Ta zauna ta huta, ta tambayi lafiyarsa, sannan ta ce, "Yaya, ban taɓa roƙonka komai ba. Ba zan iya hawa benen nan ba. In suka ɗauke ɗakin, in na hau sama na hau ke nan." Ya daɗe yana kallon gwiwoyinta da suka kumbura, ya ce to, gobe zai je. A mota tana ta murna tana cewa ai ta gaya mini, yayanta ne.

Ya zo ofishin cikin kayan da ya fi ji da su, rula a hannu. Muka wuce takardarsa a bango, ya ɗan rage tafiya. Aka kai mu wurin jami'ar da ke kula da taswirar unguwarmu, wata matashiya mai tabarau, allo biyu a gabanta. Ta miƙe ta ba shi kujera, ta kira shi Baba, ya ji daɗi. Ta buɗe unguwarmu, ta yi mana bayani cewa taswirar hawa-hawa ce, kamar yadda ake ɗora takarda mai shara-shara a kan wata: tituna daban, gidaje daban, hoton sama daban. Manhajar da kanta take haɗa su, duk ginin da ya hau kan titi ta shafa masa ja. Na ga rufin ɗakin Mama daga sama, har da tankin ruwa, an lulluɓe shi da ja.

Na ce, "Ai ga shi kina gani, ɗaki ne, ba hanya ba."

"Ina gani, Anti. Amma hoton yana nuna akwai gini ne kawai, ba ya nuna wa ya riga wani. Duk wanda ya toshe layi haka nasa yake fitowa."

Na miƙa mata takardar gidan. Ta karanta, ta ce tsohuwa ce, ta ambaci maƙwabta gabas da yamma amma babu zane babu awo, don haka zanen ofis ne hujja. Na juya na kalli Kawu. Ya gyara murya, ya ba ta labarin daga farko, da maɗaba'ar da tsohon da lanƙwasar, bai rage komai ba, yana yi yana kallon fuskarta kamar mai jiran tafi. Jami'ar ta juya wajen allonta. Ta ce bari ta duba wani abu. Ta buɗe taswirar kamfanin wayar da masu babur ke amfani da ita, ga layin. Ta buɗe ta masu jan bututun ruwa, ga shi. Ta buɗe wata ta wata ƙungiyar ba da agaji, ga shi nan ma.

Ban taɓa ganin fuskar Kawu kamar yadda na gan ta a wannan lokacin ba. Ya miƙe tsaye, ya matso har numfashinsa yana taɓa allon.

"Ƙara girmansa. Ƙara. Kin gani? Har da lanƙwasar. Duk sun kwafa, dukkansu. Mai Kwafi, zo ki gani, na kama su."

Idonsa ya kawo ruwa. Ga ɗakin ƙanwarsa a gabansa jawur, shi kuwa ko ganinsa ba ya yi. Ya ce a buga masa kowace ɗaya a takarda, zai nemi lauya.

Jami'ar ta cire tabarau ta goge. "Baba, ba sata suka yi ba. Mu muka ba su. Taswirar gari yanzu a buɗe take, kowa ya shiga shafinmu ya ɗauka kyauta. Don a yi amfani da ita aka yi ta."

"Kyauta?"

"Kyauta, Baba."

Ya koma ya zauna a hankali. Na so in ji tausayinsa, na lalubi zuciyata ban samu ba. Na ce mata, to yanzu yaya za a yi a cire layin?

Ta ce da sauƙi, tunda mai zanen yana raye kuma ga shi a zaune. Ta juyo mana da allon. Manhajar ba ta bari a goge titi sai an faɗi dalili. Akwai dalilin da ake kira kuskuren mai zane. In aka zaɓe shi, mai zanen ya sa hannu, shugabanta zai amince a yau, layin ya fita, jan ya goge, sunan gidanmu ya fita daga aikin katafila. Takardarsa ma babu mai taɓa ta a bango, kuskure ai kowa yana yi.

"Ba kowa ba," in ji Kawu.

"Na'am, Baba?"

"Ba kuskure ba ne. Da gangan na yi."

"Na gane, Baba. Amma in na rubuta da gangan, ya zama an sa ƙarya a takardar hukuma. Wannan ba ni ke da shi ba, sai kwamitin bincike ya zauna, su kuma ba su da ranar zama. Masu katafila ba za su jira su ba."

"To ki rubuta ƙarya. Ƙarya na yi, na yarda. Amma hannuna bai goce ba. Kalli layin nan, kalli kaurinsa daga farko har ƙarshe. Wannan ne kuskure?"

Na ce, "Kawu, kalma ce kawai. Ka sa hannu mu tafi."

"A wurinki kalma ce. Ke duk abin da aka miƙo miki kwafa kike yi."

"Mama fa? Jiya ka ga ƙafarta."

"Auta ta san ni. Ba za ta so in sa hannu a kan abin da ban yi ba."

Na roƙi jami'ar ta zaɓa kawai ba tare da shi ba. Ta ce ba za ta iya ba, da mai zanen ya rasu ne da ita za ta rubuta a madadinsa, amma yana raye dole sai shi. Allah ya san abin da ya zo raina a lokacin, kuma ina jin ita ma ta gani a fuskata, don ta yi sauri ta mayar da tabaraunta. Na durƙusa a gaban Kawu a tsakiyar ofishin mutane, ni da ban taɓa durƙusa masa da son raina ba, na kama gefen rigarsa. Ya janye rigar, ya kakkaɓe inda na taɓa, ya ce wa jami'ar ta rubuta da gangan, ya sa hannu a kan wannan da rubutunsa mai kyau, ya fita.

Jami'ar ta yi iya ƙoƙarinta, ba zan ci amanarta ba. Ta tura takardar sama, ta kira waya a gabana, ta rubuta wa masu aikin su dakata. Aka ce mata ba a dakatar da aiki sai da umarnin kwamiti. Na yi ta zarya tsakanin ofis da ofis har masu gadi suka san ni. Na koma gidan Kawu sau da yawa, wani lokaci da kuka wani lokaci da zagi. Daga baya ya daina buɗe mini ƙofa. Mama ta aika masa yayana, ya ce a gaya mata ta kwantar da hankalinta, gaskiya za ta yi halinta.

Katafila ta zo da hantsi. Sun ba mu lokaci muka kwashe kaya, wannan kam sun yi mana adalci. Yayana ya goya Mama ya hau da ita bene, tana riƙe da wuyansa ta rufe ido. Ba ta yi kuka ba. Ta ce a ajiye ta kusa da taga, ta zauna ta kalli yadda aka ɗauke ɗakin da mijinta ya gina mata, da kicin ɗin, da katangar baya. Kafin la'asar ana ganin titin baya daga titin gaba. Ba su zuba kwalta ba, don haka har yau tayil ɗin ɗakinta ne a ƙasa, babura suna bi ta kai. Tun ranar Mama ba ta sauko ba. Maƙwabtan da suka saba leƙowa ta taga su gaishe ta yanzu sai dai su ɗaga kai su ɗaga hannu, tsofaffin ƙawayenta kuma irin gwiwarta gare su.

Kwamitin bai zauna ba har yanzu. Ko sun zauna ma ban san abin da za su ce ba, tunda ga layi a taswira ga layi a ƙasa.

Kawu bai zo ba sai da aka kwana biyu. Ina share bakin ƙofa na hango shi ya shigo ta titin baya, yana tafe a hankali cikin layin, hannu a baya, yana duba hagu da dama. Ya tsaya daidai inda kicin yake a da, ya daɗe yana kallon ƙasa. Na ɗauka kunya ce ta kama shi. Na tsaya da tsintsiya a hannu ina jira in ji abin da zai ce.

"Sun miƙar da lanƙwasar," ya ce. "Aikin yaran yanzu ke nan. Je ki ce wa Auta na zo."

Na hau sama. Mama tana bakin taga, ta riga ta gan shi. Na ce mata Kawu ne a ƙasa, yana so ya hau. Na san amsar da zan ji, har na fara juyawa don in je in ɗora ruwan shayi. Ba ta ɗauke idonta daga tayil ɗin ba.

"Ki ce masa ya duba taswirarsa," ta ce. "Babu kowa a nan."

Na sauka na gaya masa, ban rage ko kalma ɗaya ba.